'Yar Gwangwani da Cokali Mai Tozo

Ruwan Godiya,
Laraba da hantsi.

Zuwa ga 'Yar Gwangwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa lokacin da za ki buɗe wannan takarda kun riga kun sauka Ƙanƙara lafiya, ke da angona, ba ku gamu da komai a hanya ba sai ramuka da masu tallar rake. Ki gaishe mani da maigidanki da Hajiyarsa, ki ce ina yi masu barka da dawowar mai jego. Da gangan na cusa takardar cikin ƙullin daddawa, don na san ko kin ƙi kwance komai ba za ki ƙi kwance wannan ba. In ta ɗauki wari ki yi haƙuri, ki karanta daga nesa.

Na san tun a layin sama kin haɗe rai, don ba ki son sunan nan. Ki daure, zan zo kansa. Kin san ke 'yar fari ce, zama mu yi doguwar magana ido da ido ba abin da na iya ba ne. Duk zaman wankan da kika yi a ɗakina, maganata da ke ba ta wuce "ga kunu" da "ruwan ya yi zafi" ba. Shi ya sa na ɗauko biro. Bokon da na koya a ajin manya yau zai yi mani rana, ko da rubutun ya yi kama da sawun kaji.

Ranar da muka kai Sadiku awo asibitin Faskari ina tsaye a bayanki, na ji komai. Malamar asibiti ta ɗora shi a sikeli, ta duba katinsa, ta ce ba ya ƙaruwa yadda ya kamata. Ta ce ciwon da kika yi bayan haihuwa ya rage maki ruwan nono, ki ci gaba da ba shi, amma dole a haɗa mashi da madarar jarirai. Kika ce mata to. Da muka fito muna jiran mota, na ji kin ce wa kanki a hankali, "Ni ɗana ba zai zama ɗan gwangwani ba." Na yi kamar ina gyara ɗankwali, amma maganar ta shiga. Tun ranar ba ki sayi madarar ba, kina ta ɗirkar kunun kanwa kina jiran nono ya dawo, shi kuwa angona wuyan rigarsa sai ƙara faɗi yake yi. Ni dai ba zan zuba ido mijina ya rame ba, mutane su ce ban iya riƙon miji ba.

To bari in ba ki labarin yadda aka yi da ke, da shirmen da na tafka a kanki, don kada ki maimaita ko ɗaya.

Bayan sunanki da 'yan kwanaki nono ya kumbura mani, zazzaɓi ya kwantar da ni, kafin in miƙe ruwan ya ɗauke sai ɗigo. Kina tsotsa kina saki kina ihu. A lokacin akwai rugar Fulani a bayan gari, kuma ina da ƙawa a can mai suna Jumma, mai kawo mana nono. Ta ji labari ta zo da ƙwaryar madara da ɗuminta, ta ce da ita suke renon duk yaron da uwarsa ta kasa. Na karɓa har da hawayen godiya. Na ce a raina, madarar da ke tayar da maraƙi cikin wata guda, ai ɗan mutum ma tashi zai yi. Kwana biyu cikinki ya ɓarke, ƙunzugu ya ƙare a gidan har na fara yaga tsofaffin zannuwana. Jumma ba ta cuce ni ba, abin da take da shi ta ba ni, kuma har gobe ina gaishe ta. Amma cikin jariri bai iya madarar saniya ba, ko ta akuya, sai ya shekara. Duk wadda ta kawo maki a Ƙanƙara, ki yi mata godiya, ki dama fura ki sha da kanki.

Da na ga haka na ce wa Malam, babanki, ya je Faskari ya sayo madarar gwangwani. Ban ce mashi komai ba ban da "madara", don ni ma iyakar abin da na sani ke nan. Ya dawo da la'asar yana taƙama, ya dire wani gwangwani kamar bokiti, da hoton saniya tana murmushi a jiki.

Ya ce, "Ga shi nan, mahi girma a shagon na ɗauko. Mai shayin tasha ma ita yake aiki da ita, ya ce duk garin ba ta da na biyu."

Ni kuma na ce, "Madalla, Malam, Allah ya ƙara buɗi."

Ashe madarar shayi ce. Mai shayi ya faɗi gaskiya, a shayi ba ta da na biyu. Ke dai ba ta yi maki komai ba sai kumburin ciki da amai. Daga ƙarshe a shayin ta ƙare, Malam ya yi wata guda yana karyawa kamar ɗan kwangila.

Saboda haka, abu na farko, kada ki aiki maigidanki shi kaɗai da kalmar "madara". Namiji in ya shiga shago, babba yake nema, ko mai kyawun hoto. Ku je tare, ko ki kira shi a waya yana tsaye gaban kantar shagon ya karanta maki abin da ke jiki. Ki nemi wadda aka rubuta cewa ta jarirai ce tun daga haihuwa zuwa wata shida, za ki ga lamba ɗaya a jikinta. Mai lamba biyu ta yaran da suka wuce wata shida ce, kada mai shago ya ce maki ai duk ɗaya ne don ta farkon ta ƙare mashi. Madarar ruwa ta ƙaramin gwangwani, da mai kauri mai zaƙi, da wadda ake aunawa a ƙulla a leda a kasuwa, duk na manya ne. Ke kin yi karatu har kina koyar da 'ya'yan mutane, juya gwangwanin ki duba ranar lalacewa, ki duba lambar hukuma, ki tabbata hatimin bakinsa ba a taɓa shi ba, kuma bai lotsa ko ya yi tsatsa ba. Ki saya a kemis ɗin da aka sani, wanda kayansa ke cikin inuwa. Wanda aka shanya a rana bakin titi ki wuce shi ko da mai shi ɗan ajinku ne.

Yanzu ga babban shirmen, wanda har yau in na tuna sai in yi dariya ni kaɗai a madafa.

Kin san kakanki, babana, Allah ya jiƙansa, ma'aunin hatsi ne. Daga Damari yake kora jakuna zuwa kasuwar Sabuwa, ni kuma ina ƙarama nake bin sa ina riƙe mashi bakin buhu. In ya cika tiya sai ya yi ta ɗora hatsi har ta yi tozo kamar na bijimi, ƙwayoyi suna gangarowa, sannan ya juye. Bayan nan ya damƙo da hannu ya ƙara, ya ce gyara. Wata rana ya tafi sallah ya bar ni a kan buhu, wata mata ta zo, na cika tiya na share samanta da tafin hannu don na ga haka ya fi tsari. Ya dawo ya tarar. Bai taɓa duka na ba, amma ranar na so a ce duka na ya yi.

Ya ce, "Ke, wa ya koya maki wanga? Gidanmu ba a shahe tiya. Ki bi matar nan ki cika mata hatsinta, ki ba ta haƙuri."

Na bi ta da gudu har bakin kasuwa da dawa a haɓar zanena. Tun ranar hannuna ya san cewa awo a shafe rowa ce, abin kunya ne, kusan sata. Har gishirin miya da tozo nake aunawa, shi ya sa babanki ke yawan shan ruwa.

To, da ƙyar aka samo madarar jarirai ta gaske. Na buɗe, sai ga wani ɗan cokalin roba a ciki, ƙarami kamar murfin kwalbar turare. Na dube shi na dubi cikinki, na ce wannan ai wasa ne. Malam ya karanta mani yawan cokulan da za a zuba, amma bai kai inda aka ce a shafe ba, ko ya kai bai ga muhimmancinsa ba, don shi ma manomi ne. Sai na riƙa cika cokalin nan yana tozo, in juye, in na gama ƙirga in ƙara rabi in ce gyara. Ɗiyar ma'auni za ta auna wa baƙo da tozo, sannan ta shafe wa ɗiyar cikinta? Madarar ta riƙa fitowa da kauri kamar koko, ina kallo ina jin daɗi, ina cewa yanzu ne za ki yi ƙiba.

Ba ki yi ƙiba ba. Bayan gida ya ɗauke maki, in kin yi nishi har fuskarki ta yi ja, abin da ke fitowa kamar na akuya. Leɓenki ya bushe, fitsari ya ragu, kuka kuwa har maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga. Kakarki, uwar Malam, ta ce baki ne. Wata ta ce gwangwanin ne bai karɓe ki ba, a canja. Na tsorata ƙwarai, ba zan ɓoye maki ba. Na riga na ga uwaye a unguwar nan sun rasa jarirai a kan abin da bai kai wannan ba, kuma na fara lissafa kaina cikinsu.

Na goya ki muka tafi Faskari. A lokacin akwai wata dattijuwar malamar asibiti mai tabarau, mai faɗa kamar ta ci mutum. Ta duba ki, ta duba gwangwanin ta ce madarar daidai ce. Sai ta tura mani shi gabana.

Ta ce, "Haɗa in gani. Yadda kike yi a gida."

Na gyara zama, don a nan dai na san ba wanda zai koya mani. Na cika cokali ya yi tozo mai kyau, irin wanda babana zai yaba, na juye. Na gama, na ƙara rabin nan.

Ta ce, "Wannan na ƙarshen kuma fa?"

Na ce, "Gyara ne, Malama."

Matar nan ta cire tabarau ta kifa kai a kan tebur, ta yi dariya har wata ma'aikaciya ta leƙo ta ga ko lafiya. Da ta ɗago tana share ido ta ce, "Baiwar Allah, ɗiyar wa ce ke?" Na ce ɗiyar ma'auni ce daga Damari. Ta ce, "Na ga alama. To nan ba kasuwar Sabuwa ba ce. Wagga yarinya ƙishirwa kike jiƙa mata, cikinta da ƙodarta ba su iya wanga kauri ba." Ta ɗauko wata 'yar wuƙa mai tsabta, ta cika cokalin, ta bi samansa da bayan wuƙar, tozon ya zube. Ta miƙo mani ta ce in yi. Na karɓa. Ji nake kamar babana na tsaye a bayana yana kallo. Na shafe, na juye, na ce a raina, Baba ka yafe mani, likita ce ta sa ni.

Ba a yi mako ba cikinki ya saki, kika fara barci, maƙwabta suka koma harkarsu.

Don haka ki ji da kyau. Cokalin da ya zo cikin gwangwanin shi za ki yi aiki da shi, ba na wani gwangwani ba, ba na shayi ba. Ki cika shi ba tare da dannawa ba, ki shafe. Ruwa ake fara zubawa daidai layin da aka ce, sannan gari ya biyo. Ruwan kuma ki tafasa shi sosai ko da na leda ne, ki bar shi ya ɗan huce kaɗan, ki haɗa da sauran zafinsa, sannan ki sanyaya ta cikin kwanon ruwa, ki ɗiga a bayan hannunki ki ji kafin ki ba shi. Na san jinina na jikinki, na ga yadda kike zuba sukari a kunu. Ki riƙe hannunki.

Kada kuma ki faɗa ɗaya ramin, don shi ma na leƙa shi. Akwai lokacin da gwangwani ya kusa ƙarewa, damina ta yi nisa, rumbu ya yi ƙasa, sai na fara rage cokali ina ƙara ruwa don ya kai mu ranar kasuwa. Fari dai fari ne a ido, kina sha cikinki na cika, amma awo na gaba sikeli ya tona mani asiri, mai tabarau kuma wannan karon ba ta yi dariya ba. Malam ya sayar da tunkiya a makon, ya sayo wani gwangwanin. Shi ya sa nake ce maki, wajen zaɓe kada ki bi mai tsada don a ce kin iya. Malamar da ta duba Sadiku ta faɗa a gabanki, in dai ta jarirai ce mai lamba ɗaya kuma ta gaskiya, duk kusan abu guda ne a ciki. Ki ɗauki wadda aljihun maigidanki zai iya ɗauka kowane lokaci ba tare da an yi dabara ba, wadda kuma ba ta yankewa a Ƙanƙara. Ku zauna ku yi maganar tun yanzu, a sa ta a layin hatsi da cefane, gaba da katin waya.

In kin zaɓa kuma ki tsaya a kanta. Matan unguwa za su zo barka, kowace da sunan gwangwanin da ya yi wa ɗanta ƙiba. Wata za ta ce ki zuba ɗan koko a ciki ya fi riƙe ciki, wata ta ce zuma. Ki ce masu to, ki ba su goro, kada ki zuba komai. In kin ga ƙuraje sun feso mashi, ko amai ya yi yawa, ko gudawa, ko jini a bayan gida, asibiti za ki nufa da gwangwanin a hannu, su za su ce a canja ko a bari. Ranar awo kuma ko ana ruwan sama ki je.

Saura maganar ragowa. Ni an rene ni a kan cewa zubar da abinci zunubi ne, don haka in kin rage madara sai in rufe in ajiye maki zuwa anjima. Mai tabarau ta hana, ta ce madarar da bakin yaro ya taɓa ba ta jira, zafin garin nan kuma ɓata ta yake yi tun ba ta canja wari ba. Na kawo wa Malam ƙara, na ce yanzu sai in riƙa malalar da abin da aka sayar da tunkiya aka saya? Ya ce, "Wa ya ce a zubar? Miƙo nan." Daga ranar duk abin da kika rage shi ke shanyewa nan take. Kafin kaka kumatunsa sun fi naki, har abokansa a majalisa suna tambayarsa ko ya samu wata sana'a ne a ɓoye. Ke ma ki haɗa daidai cikinsa, in ya rage ki miƙa wa maigidanki. Kofi da cokali sun fi fida, kwalbar nan ta shayar da jarirai, sauƙin wankewa, amma ko wanne kika ɗauka ki wanke shi da sabulu ki tafasa, ki wanke hannu kafin ki taɓa komai. Gwangwanin da aka buɗe a rufe shi ruf a wuri mai sanyi, kada ya wuce wata.

Yanzu sunan.

Kin ɗauka yaran unguwa ne suka laƙa maki shi don tsokana, na sani, na sha ganin kin dawo daga makaranta kina kuka a kansa. Ba su ba ne. Ranar da muka koma awo bayan duk wannan wahala, aka ɗora ki a sikeli, allurar ta wuce inda ta saba tsayawa, mai tabarau ta ce, "Yawwa, yanzu na ga mutum." Malam na bakin ƙofa. Mutumin da ko kallonki ba ya yi a gaban mutane saboda kunya, ranar ya karɓe ki daga hannuna a tsakiyar asibiti ya ɗaga sama, ya ce, "Ku zo ku ga 'Yar Gwangwani za ta karya masu sikeli!" Ni kuwa na cafke sunan. Ke 'yar fari ce, ga shi sunan uwar Malam aka sa maki, kunya biyu ta rufe mani baki, ba ni da abin da zan kira ki da shi sai "ke". Ranar na samu. Duk lokacin da kika ji na ƙwala shi a tsakar gida kina jin haushi, ni abin da nake faɗa shi ne ga wadda na zaci zan rasa tana yawo da ƙafarta. Ban taɓa jin kunyar gwangwanin nan ba ko sau ɗaya. Ɗan cokalin ma yana nan cikin adakata, kuma ba zan ba ki ba, naku zai zo da nasa.

Ba wanda ya ce ki yaye Sadiku. Ki fara sa shi a nono kowane lokaci, ya tsotsa iya abin da Allah ya sa a ciki, don babu gwangwanin da ya kai shi, kuma tsotson ne ke kiran ruwan. In ya saki bai ƙoshi ba, sai ki cika mashi da kofi. Nononki shi ne tiyar, madarar nan gyara ce. Na yi shekaru a gindin buhun babana, ban taɓa ganin wanda aka ƙara wa gyara ya ɓoye fuska ba, kuma ban taɓa ganin ya bar mai saye ya tafi da kwano bai cika ba. Kada jikarsa ta fara a kan ɗanta.

Gobe, ba jibi ba, ki ɗauki maigidanki ku je ku zaɓo. In kun je awo na gaba ki kira wayar Malam, ki ce ya ba ni, ki faɗa mani inda allurar ta tsaya. Ba sai kin ce komai a kan takardar nan ba, ni ma zan yi kamar ban rubuta ba.

Allah ya raya mani angona, ya sa in gan shi da wuya uku kamar babanki a shekarar ragowa. Allah ya ƙara maki lafiya da ruwan nono, ya zaunar da ku lafiya da mutanen gidanku, ya tsare hanyoyinmu, ya tsare masu bin su. In za ku zo mana ku taso da safe, kada la'asar ta same ku a hanya.

Bakina bai taɓa faɗa ba, kuma ba zai fara da tsufa ba, amma na lura biro ba ya jin kunya. Ki karanta a zuci, kada kowa ya ji: Allah ya yi maki albarka, Hauwa'u.

Wassalam.

Innarki,
ɗiyar ma'auni.